Feret ko Bindiga: Da Wanne Za Ka Fara Koya wa Ɗanka Farauta a Karkarar Ingila?

Wani ɗan uwa da muke zaune gari ɗaya da shi a gabashin Ingila ya tare ni bayan sallar Juma'a. Yaronsa mai shekara 12 ya je baje-kolin manoma, ya ga ana tseren feret, wata 'yar dabba da ake farautar zomo da ita, a cikin bututu, ya ga ana cilla faifan laka sama ana harbinsa, tun daga ranar ya hana gidan sakat. Uban kuwa tashin ƙauye ne, ya bi farautar rani, ya yi tonon gafiya, kuma yana jin ciwon yadda ɗansa bai san komai ba sai latsa waya. Ya ce da ni, “Malam, feret zan saya masa ko bindigar iska? Ko kuwa in bari ya ƙara girma mu nemi lasin babbar bindiga?” Na ba shi amsa a tsaitsaye don ana jirana, ga cikakkiyar nan yanzu, ko wani ma zai amfana.

Abu na farko da mutumin da ya taso a ƙasar Hausa zai cire daga ransa shi ne dajin Allah. A gida in an kwashe amfanin gona, sai a sa ranar farauta, kowa ya ɗauki gorarsa da kerensa, ya kira karensa, a nausa daji. A Ingila babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita. Hanyar ƙafar da doka ta yarda ka bi ta tsakiyar gonar wani, ta wucewa ce kawai, zomon da ya gilma gabanka ba naka ba ne. Ka shiga da feret ba izini, ɓarawon nama kake a wurin hukuma. Ka shiga da bindiga, ko ta iska ce, ko babu harsashi a cikinta, laifin ya fi haka girma nesa ba kusa ba. Don haka kafin maganar kuɗi da kaya, akwai tambayar da ta riga su: da wanne ne manomi zai fi saurin buɗe maka ƙofar gonarsa?

A nan feret ta yi wa bindiga fintinkau.

Ita feret siririyar dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, dangin bodari, har ɗan warin ma ta gada. Zomon da ake farauta da ita ba irin na dajinmu ba ne mai kwanciya cikin ciyawa ya dogara da ƙafarsa, wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu. Wannan rami yake haƙawa, su zauna jama'a guda a ƙarƙashin shinge ko gefen tudu, gida ɗaya ƙofa goma, wani ƙofa talatin. Ɓarnar da suke yi wa alkama da sha'ir da ciyawar dabbobi ba kaɗan ba ce, shi ya sa dokar 1954 ta ɗora wa duk mai riƙe da fili a kusan dukan Ingila da Wales nauyin rage zomayen da ke filinsa. Wato kai mai feret taimako ka kawo. Ba ka da ƙara, ba ka firgita tumaki da dawakai, ba a fargabar harsashinka ya tsallaka gonar maƙwabci. Manomin da zai yi shekara yana nazarin baƙon fuska mai bindiga, yakan yarda da mai akwatin feret da shebur tun zuwan farko ko na biyu.

Yadda ake yin ta kuwa, in ka taɓa tonon gafiya za ka ji kamar ka san wurin, sai dai a nan feret ce a madadin hayaƙi. Da sanyin safiya ake isa, ba magana, ba taka ƙasa da ƙarfi, don in zomaye suka ji motsi a sama sai su ƙi fitowa. A bi ƙofofin ramin ɗaya bayan ɗaya a shimfiɗa wa kowace 'yar raga mai zarge, a kafa turkenta. Akwai ƙofar ɓoye da zomo ke bari cikin ciyawa don ranar gudu, ita ce ke ba sabon shiga kunya, kuma idon yaro ya fi na babba saurin gano ta. Sai a saka feret. Ta girgiza jiki ta shige. A yi tsit. Can sai ka ji dim-dim a ƙarƙashin ƙafarka kamar ana daka a gidan maƙwabta, kafin ka ƙifta ido zomo ya faɗo raga ta tsuke. A kama shi, a mayar da wata ragar nan take don na biyu yana tafe.

Ranar da abin ya ƙi kuwa, feret ta ritsa zomo a lungun da ba mafita, ko ta kashe shi a ciki ta zauna. Domin irin wannan rana ake ɗaura mata abin wuya mai aiko da sigina, kai kuma kana riƙe da na'urar da ke nuna maka inda take da zurfin wurin. Sai haƙa. Wani lokaci ƙafa biyu, wani lokaci ƙafa biyar cikin laka mai sanyi da saiwoyi, sannan ka mayar da ƙasar ka daddale kamar ba a taɓa ba, in kana son a sake barin ka ka dawo. Mutanen da, kafin zuwan na'urar, kunne suke kafawa a ƙasa, ko su saka wata feret mai igiya su bi sawun igiyar.

Abin da ya sa nake fifita wannan ga yaro shi ne, tun ranar farko yana da aikin yi. Shi ne mai ɗaukar raga, mai gadin ƙofa biyu ta bayan shinge, mai riƙe akwati. Doka ba ta yanka shekaru ba, ba a neman lasi. A hunturu ɗaya zai san sabon rami da tsoho, ya san kashin zomo na jiya da na makon jiya, ya san ta ina iska ke kaɗawa, ya iya feɗe zomo ya duba hanta ko tana da fararen ɗigo. Zai kuma koyi abin da ya fi wuya ga yaron zamani, tsayawa minti ashirin bai ce uffan ba. Dole kuma a koya masa bambanta ramin zomo da na dagen Turai, domin dokar 1992 ta kare wannan dabba da gidanta, saka feret ko shebur a raminta babban laifi ne, kuma “ban sani ba” ba ta fid da mutum.

Ta wani gefen ma, tarihin abin ya yi daidai da mu. Harbin tsuntsaye a manyan gandaye wasan masu ƙasa ne tun asali, feret kuwa ta lebura ce da ɗan ƙauye mai neman naman miya. A ƙarshen ƙarni na 14 har doka aka yi ta hana talaka ajiye feret, sai a 1880 manomi ɗan haya ya sami 'yancin kashe zomayen da ke cinye masa shuka. Har yau masu wannan sana'a mutane ne marasa girman kai, kuma da yawansu sun manyanta suna neman wanda za su bar wa. Dattijon da ya fara fita da ni bai tambaye ni daga ina nake ba sai da muka yi wata guda, abin da ya dame shi kawai shi ne ko na iya ƙulla raga.

To amma kada daɗin labari ya rufe maka ido. Feret rai ce. Lokacin aikinta daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu, kamar Oktoba zuwa farkon Maris, kafin ciyawa ta rufe ramuka zomaye su fara haihuwa gadan-gadan, amma cinta da sharar kejinta kullum ne, shekara shida zuwa goma. Nama take ci. Ba a son ajiye guda ɗaya tilo. Macen in ta shiga lokacin barbara a bazara ba a yi mata dabara ba, ko allura wurin likitan dabbobi ko haɗa ta da namijin da aka yi wa aiki, jininta kan ƙare har ta mutu. Sai ka tambayi kanka: gidan haya kake, mai gida zai yarda? Uwargida za ta jure warin a bayan gida? In kun tafi gida hutun mako biyar, wa zai riƙe muku? Ita kanta dabbar ba ta da tsada, ragar ma 'yan fam-fam ce kowace, na'urar nemowa ce ke cin kuɗi, takan kai fam 200 ko ta haura. Sannan ka tabbata akwai zomayen a yankinku. Cutar da ta shigo a 1953 ta kusa share su gaba ɗaya, suka farfaɗo, sai wata cutar mai sa zubar jini a ciki ta biyo baya daga shekarun 1990. Akwai gundumomin da shingen da ke cike da zomo shekara ashirin baya yanzu shiru kake ji.

Sai maganar da mujallun Turawa ba za su taɓo maka ba, wato halascin naman. Zomo halal ne, wannan ba gardama a mazhabobin nan huɗu. Matsalar tana wajen kisa. Masu feret karya wuyan zomo suke yi da hannu, cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a wurinsu wannan ne jinƙai. A wurinmu dabbar da ta zo hannu da ranta sai an yanka, wadda aka karya wa wuya ta mutu mushe ce. Dokar kula da dabbobi ta 2006 kuma tana ɗaukar zomon da ke cikin ragarka a matsayin wanda ke ƙarƙashin ikonka, in ka wahalar da shi ba dalili ka yi laifi. Saboda haka ba a gona ake fara wannan zance ba, zomo na shure-shure a hannu. Tun a gida za ka zauna da wanda zai fita da ku ka yi masa bayani, ka ji ta bakinsa. In yanka za a yi, babba ne zai yi, mai hannun da ya saba, da wuƙa mai kaifi, nan take ba jinkiri. Wuƙar ma akwai dokarta: in ta wuce 'yar naɗewa marar makulli mai tsawon inci 3, sai kana da ƙwaƙƙwaran dalilin ɗaukarta, kuma daga gona sai gida, kada a manta da ita a aljihu a shiga kanti. In abokin tafiyar bai aminta ba, ba faɗa, a yi yadda ya saba, naman ya zama nasa da na feret, yaro ya tashi da ilimin.

A wannan gaɓa bindiga ta fi sauƙi. Malaman Malikiyya na baya sun tafi a kan cewa abin da aka harba da harsashi, aka ambaci sunan Allah lokacin harbin, ya mutu kafin a iso shi, ana ci. In an same shi da sauran rai a yanka. Wanda babban burinsa ya kawo nama gida ba tare da wasu-wasi ba, wannan kaɗai na iya karkatar da shi.

Bindigar iska ita ce tsaka-tsaki. A Ingila da Wales, in ƙarfinta bai wuce ma'aunin da doka ta yanka ba, kimanin jul 16, ba a neman lasi. A Sikotilan tun ƙarshen 2016 sai da takarda. Sai mai shekara 18 ke saye. Yaron da bai kai 14 ba dole mai shekara 21 ko fiye ya tsaya a kansa. Daga 14 zuwa 17 yana iya harbi shi kaɗai a filin da aka ba shi izini. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta wari, in za ku yi tafiya ka kulle ta inda yaro ba zai kai ba. Ana kuma amfani da ita duk shekara, har da yammacin bazara mai tsawo lokacin da feret ke hutu. Sai dai tana da ƙa'ida mai tsauri: nisanta na gaskiya bai fi mita 30 ba, kuma a kai ake harbin zomo. Yaron da bai iya jera harsashi biyar a wuri mai faɗin kwabo daga wannan nisa ba, bai isa ya auna mai rai ba, kuma kaiwa can na cin watanni ana huda takarda. Wannan ba harbin kurciya da danƙo ba ne da muka yi muna yara. Harsashi ɗaya ya tsallake iyakar filin da aka ba ka, ka karya doka, ko da a bayan gidanka kake. Abin da bindigar iska ke koyarwa shi ne sanɗa da natsuwa da riƙe numfashi. Abin da ba ta bayarwa shi ne jama'a. Wasan kaɗaici ne, kai da ɗanka kawai, kuma in kai ma baƙo ne a wannan karkara, wa zai koya wa wani?

Babbar bindiga mai baki biyu kuwa wata duniya ce. Lasinta a hannun 'yan sanda yake, na shekara biyar. Za su zo gida su ga akwatin ƙarfen da ka kafe a bango, su nemi bayanin lafiyarka daga likitanka, wanda aka tsananta tun bayan harbin da aka yi a birnin Plymouth a 2021, su kuma nemi masu tsaya maka mutum biyu da suka san ka aƙalla shekara biyu. Kuɗin sabon lasi ya tashi zuwa fam 194 a farkon 2025, ban da na likita, ban da akwati, ban da bindigar. Wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, ko yake gidan hayar da ba a yarda ya huda bango ba, ya ga inda gizo ke saƙar. Abin mamaki, doka ba ta sa mafi ƙarancin shekarun samun wannan lasi ba, amma yaron da bai kai 15 ba sai da babba mai shekara 21 a gefensa, kuma ba ya saye sai ya kai 18.

Ba sai ka yi lasi za ku ɗanɗana ba. Filayen harbin faifan laka da 'yan sanda suka amince da su suna ba da aron bindiga da malami, ku biya na awa ɗaya ku gani ko yaron zai jure ƙara da dukan kafaɗa. BASC, ƙungiyar masu harbi ta Birtaniya, wadda asalinta ya koma 1908, tana shirya ranakun koyar da yara, kuma katin zama ɗanta na ɗauke da inshora, abin da manoma da yawa ke tambaya kafin su ba da izini, ko da feret za ka zo.

Harbin tsuntsu na gaske yana da kalanda. Kazar tsaunuka da suke ji da ita ana buɗe ta ran 12 ga Agusta, fakararsu ran 1 ga Satumba, fezan, wani mai dogon bindi da ya kai zabo girma, ran 1 ga Oktoba, a rufe waɗannan biyun ran 1 ga Fabrairu. Ba a harbinsu ran Lahadi ko ran Kirsimeti a Ingila da Wales. Ranar harbi a babban gandu, inda mutum takwas ke jeruwa ana koro musu tsuntsaye, da tsuntsu ake lissafin kuɗinta, kowane ɗaya fam 40 zuwa sama, a harbe ɗari biyu a wuni. Yi lissafin da kanka. Ni dai wannan ɓangare bai taɓa kwanta mini ba. Tsuntsayen kiwata su ake yi a sake su miliyoyi kowace shekara, kuma Turawan kansu suna ta jayayya a kai. Wanda ya san wahalar bin fakara ɗaya tun hantsi zai ga abin kamar harbin kajin gida. Wanda ya fi kama da farauta shi ne harbin hasbiyarsu mai cinye shuka, a ɓuya a bukkar ganye a gefen gona, amma shi ma akwai sharuɗɗan lasin bai-ɗaya da gwamnati ke sabuntawa, sai an karanta. A kuma sani cewa gwamnati ta sanar a 2025 za ta hana harsashin dalma nan da 'yan shekaru, don haka mai sayen tsohuwar bindiga ya tambaya ko tana ɗaukar na ƙarfe.

Akwai wata ƙofa ta huɗu da ɗan uwan nawa bai ambata ba don bai san da ita ba: shiga 'yan kora. Su ne masu jeruwa da sanduna da tutoci suna ratsa kurmi da gonaki suna tayar da tsuntsaye zuwa wajen masu bindiga. Ba lasi, ba kaya sai takalmin ruwa da rigar da ƙaya ba ta yagawa. Ana ba da abincin rana da ɗan kuɗi, fam talatin zuwa hamsin galibi, a ƙarshen lokaci kuma akan ware rana guda 'yan kora su ma su yi harbi. A nan ne za ka ga abin da ya fi kusa da farautar gida: tsofaffi da yara da karnuka, ana zolaya, ana sanin juna. A nan kuma ake samun izini. Mai kula da gandu ya ga kai da ɗanka Asabar shida a jere cikin ruwan sama ba ku yi ƙorafi ba, shi da kansa zai ce akwai wani shinge da zomaye suka dame shi. Abu biyu kawai za ka shirya wa: akan zagaya da 'yar kwalbar giya lokacin hutu, abincin kuma sau da yawa akwai naman alade. Ku tafi da naku a jaka, ka ce ba ka sha, ba wanda zai ja zancen.

Ga abin da na ce wa mai tambayata. Yaro ɗan 12, uba mai gidan haya, ba wanda ya san su a ƙauyukan kewaye: kada ya sayi komai bana. Su nemi shiga 'yan kora daga Oktoba, su roƙi wani mai feret ya riƙa tafiya da su suna ɗaukar masa kaya. In hunturu ya fita yaron bai gaji da tashin asuba da sanyin yatsu ba, kuma an sami wurin keji da mai riƙo lokacin tafiya gida, a karɓi 'ya'yan feret biyu a bazara daga wurin wanda nasa ke aiki, a yi ta wasa da su a hannu har su daina cizo kafin kaka. Bindigar iska ta biyo baya yana 14, lokacin ya riga ya san inda zomo ke fitowa da inda bai kamata a auna ba. Da a ce shi babba ne mai gidan kansa, nama yake so a tukunya, ba shi da lokacin kiwo, da bindigar iska zan ce ya fara, ya tafi babbar daga baya. Wanda ke Sikotilan kuma ya ƙara bincikar dokar can, don tun 2023 an taƙaita farautar zomo da kare, alhali a Ingila da Wales tana nan halal a doka in da izinin mai fili.

Ko wanne aka ɗauka, izinin ya zama a rubuce, da sunan gonar da lambar wayar mai ita, a cikin aljihu. Baƙar fata da bindiga a bakin shinge, mai wucewa da kare ba ya rasa buga waya. Masu fita harbi da yawa, Turawan ma, sukan kira lamba 101 kafin su fita su shaida wa 'yan sanda inda za su kasance da lokacin tashinsu. Ni ma haka nake yi, bindiga kuma tana cikin jakarta har sai na rufe ƙofar gonar a bayana.